Bunƙasar Ajiyar Ritaya Mai Sassaucin Haraji

Ajiyar ritaya mai sassaucin haraji kuɗi ne da mutum ke tarawa a wani asusu na musamman a tsawon shekarun aikinsa, wanda gwamnati ta sassauta masa haraji bisa sharaɗin ba zai taɓa shi ba sai shekarun barin aiki sun zo. Kuɗin ba a kwance yake ba, ana juya shi ne a hannayen jari da takardun lamuni na gwamnati ko na kamfanoni, kuma duk ribar da aka samu ana mayar da ita kan uwar kuɗi domin ita ma ta haifar da tata ribar.

Wurare uku ne haraji ke iya cin kuɗin ajiya, wato lokacin da aka zuba shi, da lokacin da yake haifar da riba, da lokacin da aka cire shi. Tsare-tsaren ƙasashe sun rabu gida biyu a kan wannan. A tsari na farko ana cire gudummawar daga albashi kafin a yanki haraji, a bar ribar ta taru ba tare da an taɓa ta ba, sai ranar cirewa hukuma ta karɓi kasonta. Haka asusun IRA na Amurka yake, wanda dokar ERISA ta 1974 ta kafa, da tsarin 401(k) da ya samo asali daga dokar haraji ta 1978, da kuma RRSP na Kanada da aka fara a 1957. A tsari na biyu mutum yana biyan harajinsa tun farko, ya zuba abin da ya saura, daga nan ribar da abin da zai cira a ƙarshe duk nasa ne. Misalinsa Roth IRA, wanda dokar 1997 ta samar aka kuma sa masa sunan Sanata William Roth na jihar Delaware, da TFSA na Kanada da ya fara aiki a 2009.

Mutane da yawa suna ɗauka cewa amfanin tsari na farko shi ne rangwamen da ake gani a takardar albashi, alhali asalin ƙarfin tsare-tsaren biyu yana tsakiya ne, a shekarun da ribar ke taruwa ba a gutsure ta. Lissafi yana nuna hakan ƙarara. A ɗauka ma'aikaci ya ware dala 10,000 daga albashinsa, harajinsa kashi 25 cikin ɗari, jarin kuma yana kawo kashi 7 cikin ɗari a kowace shekara har shekara 30. A tsari na farko dala 10,000 ɗin gaba ɗaya za ta shiga asusu, ta kai kusan dala 76,100, a yanki haraji ranar cirewa, ya tashi da kusan dala 57,100. A tsari na biyu dala 7,500 ce za ta shiga bayan haraji, kuma za ta kai dala 57,100 ɗin nan dai, babu ragi babu ƙari. Da a ce ya zuba dala 7,500 a asusun da ake yankar haraji daga ribarsa duk shekara, ribar da ke saura a hannunsa za ta koma kashi 5.25 cikin ɗari, kuma bayan shekara 30 ba zai wuce kusan dala 34,800 ba.

Tazarar ba ta bayyana da wuri. Bayan shekara 10 asusun mai sassauci na tsari na biyu yana da kusan dala 14,750, ɗayan kuma kusan dala 12,500, bambancin da ba zai ɗaga wa kowa hankali ba. Amma a shekara ta 30 tazarar ta haura dala 22,000, domin kowace dalar da haraji ya ɗauke da wuri ta tafi ne da duk ribar da za ta haifa a sauran shekarun. Masu lissafin kuɗi suna da wata ƙa'ida ta kimantawa: a raba 72 da adadin ribar shekara, abin da ya fito shi ne shekarun da kuɗi zai ɗauka kafin ya ninka. A kashi 7 shekara 10 ne da ɗan wani abu, a kashi 5.25 kuwa kusan shekara 14. Wannan misali ya ɗan tsananta, saboda ƙasashe da yawa ba sa karɓar haraji kan tashin darajar hannun jari sai an sayar, kuma sau da yawa harajin mai sauƙi ne, don haka tazarar gaske takan yi ƙasa da haka.

Zaɓi tsakanin tsare-tsaren biyu ya rataya ne a kan matakin harajin mutum a yau da wanda zai kasance a kai bayan ritaya. Wanda harajinsa zai ragu a tsufa ya fi cin moriyar jinkirtawa, matashin da albashinsa bai taka kara ya karya ba tukuna kuma ya fi amfana da biya tun yanzu. Inda wurin aiki ke ƙara wa ma'aikaci wani kaso a kan abin da ya zuba, wannan ƙari yakan fi sassaucin harajin kansa tasiri a shekarun farko.

Sassaucin yana zuwa da takunkumi. Akwai iyakar abin da za a zuba a shekara, wadda a 2024 ta kasance dala 23,000 a 401(k) da dala 7,000 a IRA ga waɗanda ba su kai shekara 50 ba. A Amurka, wanda ya cire kuɗi kafin ya cika shekara 59 da rabi yakan biya tarar kashi 10 cikin ɗari bayan harajin da aka saba, sai dai a wasu yanayi da doka ta keɓe, kuma tun 2023 dole ne mai asusun tsari na farko ya fara cire wani adadi idan ya kai shekara 73. A Birtaniya ba a taɓa kuɗin fansho na ƙashin kai sai an kai shekara 55, za a kuma ɗaga ta zuwa 57 a 2028.

Abubuwa biyu ke cinye wannan bunƙasa a ɓoye, ga kuma kasuwa da ba ta yi wa kowa alkawarin kashi 7 a kowace shekara ba. Na farko shi ne la'adar masu kula da asusu: kashi 1 cikin ɗari a shekara yana jin kamar ba komai ba, amma idan ya mayar da riba daga kashi 7 zuwa 6, abin da za a tarar bayan shekara 30 zai ragu da kusan kashi ɗaya cikin huɗu. Na biyu hauhawar farashi, wadda idan ta tsaya a kashi 3 a shekara, dala 57,100 ta shekara 30 masu zuwa ba za ta sayi abin da ya wuce na kusan dala 23,500 ta yau ba.