Gwajin Na'urar Auna Oksijin ta Mota

Na'urar auna oksijin, wadda kanikawa ke kira sensa, ƙaramar aba ce mai kama da fulogi da ake ɗaurawa a jikin bututun salansa domin ta sanar da ƙwaƙwalwar mota, wato kwamfutar da ke sarrafa inji, yawan oksijin da ya rage a cikin hayaƙi. Kamfanin Bosch na Jamus ne ya ƙirƙiro ta, Volvo kuma ya fara saka ta a motocinsa a 1976. Da rahotonta ƙwaƙwalwar take daidaita mai da iska, domin fetur yana ƙonewa yadda ya kamata ne idan nauyin iska ya ninka nasa sau 14.7.

Nau'in da ya fi yawa, mai tangaran na zirkoniya, shi da kansa yake samar da wuta, amma sai zafinsa ya kai kimanin digiri 300 a ma'aunin Salshiyas. Saboda haka ba a gwada shi da inji mai sanyi. Bakanike yakan bar mota ta yi zafi, ya jona mita mai nuna lambobi a wayar sigina ba tare da ya cire soket ba, sannan ya riƙe totur a wajen juyi 2,000 a minti. Lafiyayyar na'ura za ta riƙa hawa da sauka ba tsayawa tsakanin bolt 0.1 da 0.9: ƙasa idan iska ta yi yawa, sama idan mai ya yi yawa. In aka zare tiyon iska, dole lambar ta faɗi nan take. In aka danna totur da ƙarfi, ta haura. Wadda ta kafe a wajen 0.45, ko take motsi da nawa, ita ce abin zargi. Tsohuwar mita mai allura ba ta dace ba, domin tana zuƙe ɗan abin da na'urar ke fitarwa.

Hitar da ke cikinta domin ɗumama ta kuwa, ana auna turjiyarta, wato yadda take tare wucewar wuta, ne bayan an kashe inji an zare soket, a kwatanta da abin da kamfanin motar ya ƙayyade.

Kwamfutar gwaji ta OBD-II, tsarin da ya zama tilas a Amurka tun 1996, tana nuna P0135 ga matsalar hita, P0133 kuma ga jinkirin amsa. Sai dai lambar ba hukunci ba ce, kuma a nan ne ake yawan asarar kuɗi. Ɓular salansa kafin wurin na'urar tana shigar da iskar waje, sai ta ba da rahoton ƙarancin mai alhali lafiyarta ƙalau. Na'urar baya, wadda ke bayan matatar hayaƙin da kanikawan Najeriya ke kira indomi, ya kamata lambarta ta zauna kusan wuri ɗaya. Idan tana tsalle kamar ta gaba, matatar ce ta gaji ko aka cire ta. Injin da ke shan baƙin mai ko ruwan lagireto kuma zai sake kashe sabuwar da aka saka, muddin ba a gyara shi ba.