Jigilar Tozo: kai kayan yaƙi ta sama daga Indiya zuwa Sin

Jigilar Tozo aiki ne da sojojin saman Amurka suka yi a Yaƙin Duniya na Biyu, daga Afrilun 1942 zuwa Nuwamban 1945, na kai kaya daga lardin Asam na Indiya zuwa birnin Kunming na ƙasar Sin. Matuƙa ne suka laƙaba wa gabashin tsaunukan Himalaya da suke tsallakawa suna Tozo. An fara ta bayan Japan ta datse Hanyar Bama, wadda ita ce motoci ke bi su kai wa Sin ɗauki. Da yawa daga jiragen ta Akara da Kano da Khartum suka bi kafin su isa Indiya.

Tazarar ba ta wuce kilomita 800 da ɗoriya ba, amma hanya ce mai cin rai. Jirgi kan tashi daga filin jirgin Chabua da ke kwari a Asam, cike da kaya, dole ya hau sama da sauri kafin ya kai tsaunukan Patkai. Jiragen ba su da na'urar daidaita matsin iska, saboda haka ma'aikata na sanye da abin shaƙar iska na sa'o'i. A cikin gajimare ƙanƙara kan daskare a fukafukai, ta ƙara nauyi ta rage ƙarfin ɗagawa, ko ta toshe kafireto inji ya mutu. Ga guguwa mai kaɗa jirgi ya kauce hanya, ga damina daga Mayu zuwa Oktoba, taswirori kuma ba abin dogaro ba ne.

Kayan ma haɗari ne. Mafi yawansu fetur ne a durom mai cin kimanin lita 200. Idan ba a ɗaure durom da kyau ba, girgiza ta sa ya gangara baya, nauyi ya karkata, jirgi ya ƙwace wa matuƙi. Jirgin C-46, wanda aka tura fagen kafin a gama gyara kurakuransa, yakan yi yoyon mai a gindin fiffike. Tururin ya taru, tartsatsi ɗaya ya tarwatsa shi a sama. Tarkacen jirage ya yi yawa a kan hanyar har ake ce mata turbar alminiyam.

Sauƙi ya zo a Mayun 1944 da aka ƙwace filin jirgin Myitkyina da ke arewacin Bama daga hannun Japan, aka samu hanyar kudu mai ƙarancin tudu. A Satumban shekarar Janar William Tunner ya karɓi ragama, ya tsaurara duba jirage bi da bi. A Yulin 1945 kaɗai an kai tan 71,000.

Jimillar kayan da aka kai ta kai kusan tan 650,000. An rasa jirage 594 da mutane sama da 1,300, kuma yanayi da lalacewar inji sun fi harbin abokan gaba ɓarna. Tunner ne ya jagoranci jigilar kaya ta sama zuwa birnin Balin na Jamus a 1948.