Waiwaye Kan Gwajin Hasashe: Daga Rajistar Haihuwa Zuwa Ƙa'idar Kashi Biyar

Tambayar da gwajin hasashe yake amsawa a ilimin ƙididdiga guda ɗaya ce: idan sa'a ce kawai take aiki, sau nawa za a ga sakamako irin wanda aka gani? Wanda aka fi dangantawa da fara amsa ta da alƙaluma shi ne John Arbuthnot, likitan Sarauniya Anne ta Birtaniya. A shekarar 1710 ya duba rajistar jariran da aka yi wa baftisma a Landan tun daga 1629, ya tarar cewa a cikin shekaru 82 babu shekarar da maza ba su fi mata yawa ba. Sai ya ce a ɗauka kowace shekara tamkar jefa kwandala ce, ko maza su rinjaya ko mata, rabi da rabi. In haka ne, yiwuwar maza su rinjaya sau 82 a jere ita ce rabi a ninka shi da kansa sau 82, wato ɗaya cikin wata lamba mai alƙaluma 25. Ganin ƙanƙantar wannan adadi ya sa ya yi watsi da batun sa'a, ya ce tsarin Ubangiji ne.

Bayan shekaru uku, a 1713, aka buga littafin Jacob Bernoulli na birnin Basel, alhali marubucin ya rasu tun 1705. A ciki ne aka shimfiɗa abin da ake kira rabon binomiyal, wanda sharuɗɗansa ba su da yawa: gwaji mai sakamako biyu kacal, ana maimaita shi sau adadi sananne, yiwuwar nasara ba ta canzawa, kuma wani gwaji ba ya shafar wani. A jefa kwandala sau 10, akwai jeri 1,024 da sakamakon zai iya bi. Idan muka kira gefe ɗaya na kwandalar fuska, jeri ɗaya ne yake ba da fuska 10, jeri 10 suna ba da fuska 9, jeri 45 kuma suna ba da fuska 8. Saboda haka samun fuska 9 ko fiye yana da yiwuwar 11 cikin 1,024, kimanin kashi ɗaya cikin ɗari, samun 8 ko fiye kuwa 56 ne cikin 1,024, kusan kashi biyar da rabi.

Nicolaus Bernoulli, ɗan ɗan'uwan Jacob, ya lura da abin da nake ganin ya fi komai muhimmanci a wannan tarihi. Ya nuna cewa idan aka ɗauki rabon maza 18 ga mata 17, alƙaluman Landan suna tafiya daidai da lissafin yiwuwa ba tare da wani abin mamaki ba. Ashe abin da Arbuthnot ya rushe shi ne zaton rabi da rabi kawai, sauran bayaninsa daga imaninsa ya fito, lissafin bai kai can ba.

A 1733 Abraham de Moivre ya samo hanyar kimanta binomiyal idan gwaji ya yi yawa, daga baya Laplace, masanin lissafi na Faransa, ya yi bincike irin na Arbuthnot da rajistar haihuwa ta Faris.

Siffar da ɗalibai suke koyo a yau ta ƙarni na 20 ce. Ronald Fisher, a littafinsa na 1925, ya ba da shawarar kashi 5 cikin ɗari a matsayin iyaka mai sauƙin aiki, wato idan yiwuwar sa'a kawai ta ba da sakamakon ta gaza haka sai a yi watsi da batun sa'a, a 1935 kuma ya yaɗa tunanin hasashen farko, wato zaton cewa babu wani bambanci, wanda gwaji zai iya rushewa amma ba zai taɓa tabbatarwa ba. Jerzy Neyman da Egon Pearson suka zo a 1933 da nasu tsarin, inda ake ajiye hasashe na biyu a gefe, a tsai da iyaka tun kafin a ga bayanai, a kuma lissafa kuskure iri biyu: yin watsi da hasashen da yake daidai, da riƙe wanda yake ba daidai ba. Fisher bai taɓa amincewa da wannan tsari ba, sun kuma daɗe suna muhawara mai zafi, amma littattafan makaranta sun haɗe hanyoyin biyu suna koyar da su kamar abu ɗaya ne.

Illar wannan haɗi tana bayyana a misalin kwandala. Wanda ya samu fuska 9 zai ce ya kama kwandala mai maguɗi, wanda ya samu 8 zai ce bai ga komai ba, alhali jifa ɗaya ce tsakaninsu. Kuma rashin ƙetare iyakar ba shaida ce ta ingancin kwandalar ba, domin jifa 10 sun yi kaɗan su tona ƙaramin karkata. Yawaitar irin wannan kuskuren fahimta a mujallun kimiyya ce ta sa Ƙungiyar Masana Ƙididdiga ta Amurka ta fitar da sanarwa a 2016, tana jaddada cewa ƙimar p, wato yiwuwar samun sakamako irin wanda aka gani ko fiye idan hasashen farko daidai ne, ba ta auna yiwuwar hasashe ya zama gaskiya, ba ta nuna girman tasiri, kuma bai kamata a yanke hukuncin bincike a kan ƙetare wata iyaka kaɗai ba.