Windows 10 ta daina samun kariya: me za a yi da kwamfutar ofis?

Tun ranar 14 ga Oktoba, 2025 kamfanin Microsoft ya daina kula da Windows 10, babbar manhajar da ke tafiyar da kwamfuta. Kwamfutoci da dama a ɗakunan shan magani, makarantu da shagunan buga takardu da ita suke aiki, wasu ma har yau suna kan Windows 7, wadda aka janye wa tallafi tun Janairun 2020. Abin da ke ruɗar mutane shi ne kwamfutar ba ta mutu ba. Kana kunna ta za ta tashi, ta buga maka takarda yadda ta saba. Abin da ya tsaya shi ne gyaran da kamfanin ke aikowa duk wata don toshe kafofin da masu kutse ke ganowa. Kamar yaron da aka daina kai wa rigakafi ne: yau lafiyarsa ƙalau, amma cuta na shigowa gari shi za ta fara kamawa.

An ga misali a watan Mayun 2017, lokacin da wata muguwar manhaja mai suna WannaCry ta bazu a ƙasashe kusan 150, tana kulle bayanan mutane tana neman kuɗin fansa. A Ingila asibitocin gwamnati sun soke ganin dubban marasa lafiya. Alhali Microsoft ya fitar da maganin wannan kafa tun watan Maris. Kwamfutocin da ba su karɓi gyaran ba su ne suka faɗa.

Saboda haka, 'yan uwa ma'aikata, kafin komai ku kwafe bayananku. Rajistar marasa lafiya, rahoton wata, takardun albashi, a zuba su a wata ma'ajiya ta daban, a cire ta daga jikin kwamfutar a kulle a durowa. Wadda aka bari a maƙale, tare za a kulle su.

Daga nan sai a duba ko na'urar za ta ɗauki Windows 11. Akwai manhajar PC Health Check ta Microsoft da ke faɗa maka nan take. In ta ce eh, canjin kyauta ne ga mai Windows ta gaskiya. Amma yawancin kwamfutocin da muke saye na hannu sun tsufa, ba su da guntun tsaron nan TPM 2.0 da ake buƙata. Mai gyara zai ce maka zai iya ɗora ta da dabara. Zai iya ɗin, sai dai kamfanin bai yi alkawarin ci gaba da aiko wa irin wannan na'ura gyara ba, ni kuwa ba zan ɗora bayanan marasa lafiya a kanta ba.

Akwai shirin ƙarin wa'adin aiko wa Windows 10 gyara mai suna ESU da Microsoft ya buɗe wa masu amfani a gida har zuwa 13 ga Oktoba, 2026. Jinkiri ne kawai, a yi amfani da shi wajen sa kuɗin sabuwar na'ura a kasafi.

In babu kuɗin, kada a yar da tsohuwar kwamfutar. Linux Mint ko Ubuntu, manhajojin da ake ɗorawa a madadin Windows, kyauta ne, suna tafiya a tsohuwar kwamfuta, suna samun gyara, kuma manhajar rubutu da lissafi ta LibreOffice na buɗe takardun Word da Excel. Wanda aikinsa shiga intanet ne ya tura rahoto, wannan ta ishe shi. A fara gwada ta da firintar ofis tukuna, don wani lokaci a nan ake samun cikas.

Idan kuwa wata na'urar gwaji ce ba ta aiki sai da tsohuwar Windows, to a raba kwamfutar da intanet ɗungurungum, kuma a hana kowa soka mata filashinsa, ko da shugaban wurin ne. Wadda za a sayar ko a bayar kyauta, a sa mai gyara ya goge ma'ajiyarta sarai a gabanku, domin share fayil kawai ba ya hana wani ya dawo da shi.