Masaukin Timberline

Masaukin Timberline gini ne na tarihi da ke gefen kudu na Dutsen Hood a jihar Oregon ta ƙasar Amurka, kimanin kilomita 97 gabas da birnin Portland. Yana kan tsayin kusan mita 1,800 daga doron teku, a daidai inda sanyi ke hana itatuwa ci gaba da tsirowa. An gina shi tsakanin 1936 da 1938, kuma mallakar hukumar kula da gandun daji ta Amurka ne har yau.

Asalin ginin yana da nasaba da karayar tattalin arzikin da ta afka wa Amurka tun daga 1929, wadda ta bar miliyoyin mutane ba aikin yi. Hukumar WPA, wadda gwamnatin Shugaba Franklin D. Roosevelt ta kafa domin sama wa jama'a abin yi, ita ta ɗauki nauyin aikin ƙarƙashin jagorancin daraktanta na Oregon, Emerson J. Griffith. Gilbert Stanley Underwood ya ba da shawara kan fasalin ginin, sannan masu zanen gine-gine na hukumar gandun daji, ciki har da W. I. Turner da Linn Forrest, suka fitar da cikakken zanen. Roosevelt da kansa ya ƙaddamar da masaukin ranar 28 ga Satumba, 1937, aka buɗe shi ga baƙi a watan Fabrairun 1938.

Cibiyar ginin wani babban zaure ne mai kusurwa shida, wanda ɓangarori biyu suka miƙe daga jikinsa, ɗaya na ɗakunan kwana, ɗaya kuma na ɗakin cin abinci. A tsakiyar zauren akwai bututun hayaƙi na dutse mai tsayin kusan mita 28, da murhu shida a jikinsa, uku a hawan ƙasa uku a na sama, yayin da manyan ginshiƙai shida na katako, waɗanda Henry Steiner ya sassaƙa da hannu, ke ɗauke da rufin. An yi rufin da gangara sosai domin kada dusar ƙanƙara ta taru ta danne shi.

Darajar masaukin ta fi fitowa a aikin hannun da ke cikinsa, domin kusan komai, daga kujeru zuwa fitilu da labulaye, ma'aikatan WPA ne suka yi shi, wasunsu ma a bakin aikin suka koyi sana'ar. Margery Hoffman Smith ta tsara adon ciki, O. B. Dawson ya shugabanci maƙera, Ray Neufer kuma ya kula da kafintoci. Ƙarancin kuɗi ya sa aka juya tsofaffin kaya suka zama abin ado: an sassaƙa turakun waya da aka daina amfani da su aka fitar da siffofin dabbobi da tsuntsaye a bakin matakala, an lanƙwasa ƙarafan layin dogo suka zama mazaunin itace a murhu, aka kuma yayyanka tsofaffin barguna aka yi dardumai da su.

An rufe masaukin lokacin Yaƙin Duniya na Biyu, kuma zuwa 1955 rashin kyakkyawar kulawa ya sa ya lalace aka sake rufe shi. A wannan shekarar Richard L. Kohnstamm ya karɓi tafiyar da shi ya farfaɗo da shi, iyalinsa kuma suka ci gaba bayansa. An shigar da ginin cikin rajistar wuraren tarihi ta ƙasa a 1973, sannan a 1977 aka ɗaga shi zuwa matsayi mafi girma na wuraren tarihin ƙasar. Ƙungiyar Friends of Timberline, wadda aka kafa a 1975, tana sake saƙa labulaye da dardumai bisa zanen asali idan na da suka tsufa. A watan Afrilun 2024 gobara ta tashi a saman babban zauren, amma aka kashe ta kafin ta bazu, aka sake buɗe masaukin bayan 'yan kwanaki.