Garwashin da ba ya hayaƙi ma yana kisa

Da hunturu ya kankama, a gidaje da yawa idan an sauke tukunyar tuwo sai a kwashe garwashin murhu a kasko, a kai ɗaka, a rufe ƙofa, a toshe taga da tsumma. Hujjar ita ce itacen ya gama ci, hayaƙi ya tafi, saura zallar ɗumi. Wannan ba haka ba ne.

Hayaƙin da ke sa hawaye da tari shi ne ido ke gani, kuma ko ba komai yana kora mutum waje. Jan garwashin nan da toka ta fara lulluɓewa yana ci gaba da ci a hankali, kuma idan iska ta yi masa kaɗan sai ya riƙa fitar da iskar kabon monoksaid. Ba ta da launi, ba ta da wari. Tana kama jini fiye da iskar oksijin sau sama da 200, sai jiki ya rasa abin numfashi alhali ƙirji na ta hawa da sauka. Mai barci ba ya jin komai.

Wanda ya farka da ciwon kai, jiri, tashin zuciya, ƙafafu sun mutu, sai a ce sanyi ne ya kama shi, wasu ma su ɗora wa iskokai. Idan 'yan ɗaki ɗaya suka tashi haka tare, a fitar da su waje, a buɗe ko'ina, a garzaya asibiti.

A ji ɗumi a tsakar gida, a kashe garwashin da ruwa kafin a kwanta.