Mene ne "ginin wucin gadi" a fagen zanen gine-gine?

Ginin wucin gadi shi ne wanda tun yana kan takarda aka san ranar da za a kwance shi. Da gangan ake tsara shi ya yi kwanaki ko watanni, wani lokacin 'yan shekaru, sannan a tattara kayansa a bar filin yadda aka same shi. Rumfar biki ma 'yar wannan dangin ce, sai dai masu zanen gine-gine sun mai da abin fanni guda.

A Landan, tun shekarar 2000, gidan baje kolin zane na Serpentine yakan gayyaci mai zane ya kafa rumfa a lambun Kensington, ta yi 'yan watanni lokacin zafi, sai a sauke. Zaha Hadid ce ta buɗe fagen. A 2017 Francis Kéré, ɗan Burkina Faso, ya yi tasa da siffar bishiyar da mutanen ƙauyensu, Gando, suke taruwa a inuwarta.

Wanda ya fi burge ni shi ne Shigeru Ban na Japan. Bayan girgizar ƙasar Kobe a 1995, ya yi wa waɗanda suka rasa muhalli ɗakuna da bututun kwali, harsashinsu kuwa akwatunan kwalabe ne cike da buhunan yashi. Ɗalibai da 'yan sa kai ne suka haɗa su da hannu.

Shi ya sa malaman zane suke son irin wannan aiki. Ɗalibi zai iya kammala karatu bai taɓa ganin zanensa ya tashi daga takarda ba. Amma in aka ce ya kafa rumfa da gora ko katako cikin mako biyu, da kuɗi ƙalilan, nan zai gane cewa iska ba ruwanta da kyan zane. Zai koyi inda ake ɗaure igiya, da abin da ya sa ƙusa ke ɓata katakon da ake son sake amfani da shi.

Wani lokacin ma na wucin gadin kan ƙi tafiya. Hasumiyar Eiffel da aka kafa a Paris a 1889 izinin shekara 20 aka ba ta, amfaninta wajen aika saƙon rediyo ya taimaka aka bar ta.